Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to kuɗinta fa?

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da har yanzu bai ƙare ba.

Wata Lahadi muna komowa daga kasuwar Baleyara, mota cike maƙil, sai wani yaro ya kunna waƙa a salularshi. Irin ta zamani ce, fiyano da murya wadda na'ura ta gyara. Wata tsohuwa da ke zaune bisa buhun hatsi ta ɗaga kai ta ce, "Yaro, maido ta baya in ƙara ji." Ya maido. Ta ce, "Wannan amshin ai na gwaggona ne. Ita ta ƙaga shi daren da anka kai yayata ɗaki, ina cikin masu tafi." Yaron ya duba fuskar salula ya ce, "Inna, nan fa an rubuta ta gargajiya ce." Tsohuwa ta ce, "Gargajiya ɗiyar wa ce? Wace unguwa take?" Mota duk ta kwashe da dariya. Mu ma mun yi dariyar, amma har munka sauka Tabla tambayar Inna ba ta bar mu ba. Shi ya sa munka ce bari mu bi sawun maganar tun daga tushe: yaushe anka fara cewa waƙa da wasa dukiya ne, kuma me ya sa rabon mata cikin wannan dukiya ya zama ɗan kaɗan?

Kafin na'ura ta zo, ƙasarmu tana da nata tsari. Zabiya ta yi waƙa wurin biki ko suna, a yi mata kari nan take, a ba ta zane, a ba ta hatsi, wani lokaci har akuya. Kowa ya san waƙar wance ta wance ce, kuma abin kunya ne wata ta ɗauko ta gaban mai ita ba tare da ta ambace ta ba. Ban da zabiyoyi, akwai waƙoƙin da ba a biya ko dala: na niƙa, na daka da lugude, na reno, na gaɗa a dandali, na kai amarya, da tatsuniyar da kaka ke yi bayan sallar lisha. Kusan duka mata ke ƙaga su, mata ke riƙe da su. Wannan tsari ya yi aiki don murya ba ta rabuwa da mai ita. In kana son waƙar, dole ka gayyato matar. Ranar da anka samu abin da ke ɗauke murya ya tafi da ita, ranar ce lissafi ya sake.

Mu mutanen Kurfai muna da misali a gida. A 1925, a Shikal, wata mata mai suna Shibo ta fito da wasu sababbin iskoki na bori waɗanda anka sani da Babule, wasu kuma su ce Hauka. Masu yin su suna kwaikwayon sojan Faransa, da faretinsu da muƙamansu da tsawarsu. Matasa da yawa sunka bi ta, sunka fara bijire ma sarkin da Nasara ke mara ma baya a Filinge, Gado Namalaya. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa anka kama su anka kulle. Daga baya abin ya bi ƴan ci-rani har ƙasar Gana ta yanzu, tun tana hannun Ingilishi. Can kusa da Akra ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinshi Les Maîtres fous, wanda ya fito a 1955, ya samu kyauta a bikin finafinai na Venise a 1957. Har gobe ana nuna shi a jami'o'in duniya.

Ba muna yabon bori ba ne, kowa ya san matsayin malamanmu a kai. Kuma ba mu ce Rouch ɓarawo ne ba. Mutumin ya yi aiki da ƴan Nijar irin su Damouré Zika da Oumarou Ganda, ya buɗe musu ƙofa, kuma ƙasar nan ya rasu a 2004, Yamai anka binne shi. Abin da muke so a lura da shi shi ne yadda doka ke kallon al'amarin. Ga doka, mai fim shi ne wanda ya tsara shi da kamfanin da ya zuba kuɗi. Waɗanda ke gaban kyamara, da matar Shikal da abin ya faro daga gare ta, ba su da gurbi cikin takarda. Sunan Shibo sai cikin littattafan masana tarihi. Yau in ka tambayi ɗan lakwal na Filinge wace ce ita, da wuya ya ba ka amsa.

Ita dokar haƙƙin mallakar fasaha Turai anka haife ta, kuma don littafi da maɗaba'a anka yi ta. Ingila ta yi tata a 1710. A 1851 mawaƙan Faransa sunka kafa ƙungiyar SACEM don karɓo musu kuɗi daga wuraren da ake kaɗa waƙoƙinsu. A 1886 ƙasashe sunka ƙulla yarjejeniyar Berne. Ita ce ta tanadi cewa haƙƙi yana tabbata da zarar mutum ya ƙaga abinshi, ba sai ya yi rajista ba, kuma a yau ta ce kariyar ba za ta gaza tsawon ran mai fasaha da shekara 50 bayan mutuwarshi ba. Nijar ta tabbatar da zamanta cikin wannan yarjejeniya a 1962. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: yarjejeniyar Roma, wadda ta ba mai rerawa da mai wasa haƙƙi ko da ba shi ya ƙaga abin ba, ta fara aiki ranar 18 ga Mayu 1964 da ƙasashe shida kacal, kuma Nijar na cikinsu. Sannan ga yarjejeniyar Bangui ta 2 ga Maris 1977 wadda ta kafa hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, Nijar na ciki. A takarda dai mun riga ƙasashe da yawa. Amma sai da anka shafe fiye da shekara 30 bayan samun ƴancin kai kafin a samu ofishin da zai karɓo ma mai fasaha ko tamma a cikin gida.

Cikin waɗannan shekarun ne Zalika Souley ta yi tashenta. An haife ta a 1947, tana da shekara 19 ta fito a fim ɗin Moustapha Alassane, Le Retour d'un aventurier, a 1966. Ana lissafa ta cikin matan farko da sunka riƙi wasan fim sana'a a Afirka baƙar fata. Ta yi aiki da Oumarou Ganda a Cabascabo, da Saitane, da Le Wazzou polygame, wanda ya ɗauko ma Nijar babbar kyautar Dokin Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da anka ba da ita. An sha ba Zalika rawar kishiya mai mugun kishi ko mace marar kamun kai, mutanen gari kuma sunka ɗauki wasa gaskiya, sunka riƙa jifarta da magana. Da sinimar Nijar ta durƙushe, finafinan sunka ci gaba da yawo a bukukuwan duniya, ita ko tana Yamai cikin ƙunci. Rahmatou Keïta ce ta je ta same ta, ta yi fim a kanta mai suna Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004 kuma anka nuna a Cannes. Nan duniya ta ga tauraruwar tana zaune da ƴaƴanta cikin talauci, har ta kai ga fita ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta. An biya ta ranar ɗaukar fim, shi ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Iyayenmu na karkara ma sun ɗanɗana irin wannan, sai dai nasu ba wanda ya yi fim a kai. Gidan rediyon ƙasa ya fara aiki a 1958, daga baya ya zama Muryar Sahel. Zamanin Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu nan kusa da mu, anka farfaɗo da samariya, anka riƙa yin gasar matasa ta ƙasa, kowace jiha ta kawo ƴan wasanta da mawaƙanta. Ƴan mata ne ke ba da waƙa, su ke amshi, su ke rawa. Rediyo ya ɗauka, ya yi shekaru yana sakawa. To amma da sunan wa? Sai ka ji an ce samariyar gari kaza, ko ƙungiyar jiha kaza. Yarinyar da muryarta ta ɗauki waƙar ta koma gida anka yi mata aure, sunanta ya tsaya ga ƴan unguwarsu. Da yawa cikinsu suna nan da rai, kakanni ne yanzu. Sannan kaset ya zo, mai shago ya kwafa ya sayar. Bayanshi faifan CD, sai memori, sai turawa daga salula zuwa salula, yau kuma WhatsApp da TikTok. Kowane sabon abu ya ƙara nisa tsakanin murya da mai ita.

Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar sunka fito titi a Yamai don an ba su kujera ɗaya tak cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. Sun yi nasara an ƙara musu, kuma ranar ta zama ranar matan Nijar da muke biki kowace shekara. Iskar wannan lokaci ce ta kaɗo gyare-gyare da dama. A ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya, ranar 30 ga Maris 1993, anka sa hannu ga doka mai lamba 93-027 kan haƙƙin mai fasaha. A Disamba 1995 anka kafa BNDA, ofishin kula da haƙƙin masu fasaha na Nijar. Ranar 23 ga Disamba 2010, cikin wani riƙon ƙwaryar kuma, doka mai lamba 2010-95 ta maye gurbin ta farko. A fagen siyasa mata sun samu dokar kaso tun 2000, wadda anka ɗaga a 2019 zuwa kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 30 na naɗe-naɗe. A fagen waƙa da fim babu irin wannan kaso, kowa tashi ta fisshe shi.

Bari mu faɗi abin da dokar ta ƙunsa a taƙaice, don rashin sani ya fi dare duhu. Na farko, haƙƙin suna: duk inda anka yi amfani da abinki, a ambace ki, kuma kada a lalata shi. Na biyu, haƙƙin dukiya: ba mai kwafa, ko sayarwa, ko sakawa a rediyo da wurin kasuwanci, sai da izini da biya. Na uku shi ne wanda Faransanci ke kira haƙƙin maƙwabta, wato na mai rerawa, da mai wasa, da wanda ya ɗauki nauyin naɗar sauti. Na huɗu, kayan gargajiya: yin su a biki da suna kamar yadda anka saba ba ya buƙatar izinin kowa, amma wanda zai ɗauke su ya yi kasuwanci da su sai ya nemi izini ya biya. Aikin BNDA shi ne ya karɓo kuɗi daga gidajen rediyo da telebijin da otal-otal da masu shirya wasanni, ya raba ma waɗanda sunka yi rajistar ayyukansu.

Ko'ina cikin wannan ba a ce namiji ko mace ba. To ina mata ke zubewa? Mun ga wurare huɗu.

Na ɗaya, kason wanda ya ƙaga ya fi na wanda ya rera. A situdiyo kuwa mai fiyano namiji ne, mai na'ura namiji ne, mai kuɗi namiji ne. Yarinya ta zo da amshin da ta koya bakin turmi, a ɗora kiɗa, a rubuta sunan mai situdiyo a matsayin mai waƙa, ita a ba ta jika biyu ko biyar na sabulu.

Na biyu, ko da yake haƙƙi ba ya jiran rajista, rabon kuɗi yana jiranta. Daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne, ga halin da hanya take ciki a shekarun nan. Ana son katin ɗan ƙasa, ana son cike takarda da Faransanci. Mata nawa ne a ƙauyukanmu ke da takardar haihuwa ma, balle su yi wannan tafiya, kuma da izinin maigida?

Na uku ita ce kalmar da ta ba Inna haushi cikin mota. Waƙar makaɗin fada an san mai ita don an yi ta gaban sarki. Waƙar da anka ƙaga cikin gida sai a ce ta gargajiya ce, alhali wata ce ta zauna ta tsara ta, kuma ɗiyanta na nan da rai. Da zarar an kira abu gargajiya, sunan mai shi ya faɗi, magadanta ma sun faɗi.

Na huɗu, mu kanmu. Muna son waƙar, ba mu son a ce ɗiyarmu ko matarmu ce mai ita. Sai mace ta ɓoye sunanta, ko ta bari da zarar ta yi aure. Wadda ta ɓoye suna don kunya, ranar rabon kuɗi ba ta da bakin magana.

Kada mu ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A tsibiran Solomon, can cikin tekun Pasifik, wani masani mai suna Hugo Zemp ya naɗi waƙar reno daga bakin wata mata, Afunakwa. UNESCO ta fitar da ita a faifai a 1973. A 1992 wasu Faransawa biyu masu ƙungiyar Deep Forest sunka ɗora mata kiɗan zamani, ta zagaye duniya, anka sayar da miliyoyin faifai, har tallace-tallace anka yi da ita. Ba a nemi izinin matar ba, ba a sa sunanta ba, har mutane sunka ɗauka daga dazukan Afirka ta Tsakiya muryar ta fito. Ƙetaren iyaka kuma, a 2022, tsohuwar ƴar wasan Kano Ladin Cima ta shaida ma BBC Hausa cewa bayan shekaru masu yawa tana fim, ƴan dubban naira kaɗan ake sallamarta da su. Wasu masu shirya fim sun musanta, anka yi ta cacar baki, amma maganar ta fito fili. Marubuta littattafan Hausa, waɗanda mata ke da rinjaye cikinsu, su ma suna kuka da masu karanta littafinsu a YouTube suna cin kuɗin talla ba da saninsu ba. Mu da ke sauraro muna jin daɗi, mu tuna da wannan.

Wani zai ce ai wannan doka ta Nasara ce. Jingina magana ga mai ita dai ba Nasara ya koya mana ba. Malamanmu ba su karanta littafi sai sun ambaci mawallafi sun yi mishi addu'a. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajjinta na ƴan taru sunka kai su ƙauyuka. Masu kwafa sun riƙe amana, shi ya sa bayan fiye da shekara 150 har yanzu mun san nata nata ne. Wani kuma zai ce maza ma ba su samu komai ba. Gaskiya ne, kasuwar fasaha a Nijar ƙarama ce, mun ga manyan makaɗa maza da sunka tsufa hannu wofi. Sai dai namiji ko bai samu kuɗi ba yakan tsira da suna, sunan kuma shi ke jawo gayyata.

Inda mata sunka kama ragama da kansu, labari ya sake. Mariama Hima ta ɗauki kyamara tun shekarun 1980, ɗaya daga finafinanta ma sunan Hausa gare shi, Baabu Banza. Rahmatou Keïta ta yi Zin'naariyâ a 2016. Aïcha Macky ta Damagaram ta yi L'Arbre sans fruit a 2016 da Zinder a 2021. Marigayiya Hamsou Garba ta kafa ƙungiyarta Annashuwa ta ja ta da kanta har rasuwarta a 2022. Fatou Seidi Ghali da ƴan uwanta na Illighadad sun fito daga ƙauye kamar namu, faifansu na 2016 ya fita da sunansu, sun yi wasa Turai da Amurka. Duk waɗannan, in an ambaci aikin dole a ambace su.

To mu nan me za mu iya? Duk mai ɗaukar zabiya ko tsohuwa da salula, ya fara da neman izininta, sannan ya faɗi sunanta da garinta da ranar a farkon naɗin, don in ya bazu ya bazu da shaida. Yarinyar da za ta shiga situdiyo ta tafi da babbanta, a rubuta ko da rabin takarda ne: wa ya ƙaga, wa ya rera, nawa anka biya, kuma biyan na ranar ne ko sayarwa ce gaba ɗaya. Shaidu biyu su sa hannu. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, da sunka faro a Maradi a 1991 kuma sunka bazu cikin ƙauyukanmu, suna iya haɗa kuɗin mota su tura wakiliya BNDA da sunayen mawaƙansu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidajen rediyon karkara su daina cewa "ga wata ta gargajiya" in sun san mai ita. Matasa masu fiyano, ba mu hana ku ɗaukar amshin iyaye ba, ku je ku gaishe su, ku sa sunansu, ku ba su kasonsu. Magada kuma su sani haƙƙin waƙa yana shiga gado kamar gona.

Mu maza, iyaye da mazaje da yayye, namu ya fi sauƙi: mu daina jin kunyar abin da muke rawa da shi a biki.

Kafin motar nan ta tsaya Tabla, yaron ya tambayi Inna sunan gwaggonta da garinsu, ya rubuta cikin salularshi, ya ce zai aika ma mawaƙin. Ko ya aika ko bai aika ba, Allah masani. Amma kowane gida cikinmu akwai irin wannan tsohuwa, kuma ba za su dawwama ba. Daren yau bayan tuwo a zauna kusa da su a tambaye su wa ya ƙaga waƙoƙin da suke yi, a rubuta.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Amin.